Tokar Geron Dudunni a Cikin Dalma

Tun da hoton nan ya zaga wayoyin Kankia, kusan kullum sai wata yarinya ta tsaya a bakin rumfar Kawu Iro ta ce ita ma a koya mata. Hoton Murja nake nufi, wanda ta sa farar riga da gilashi, ta ɗaga sandar dalma sama tana murmushi. In kuka buɗa hoton da yatsa, can gefen hagu za ku ga wata gwiwar hannu ta shigo, baƙa wuluk da gawayi. Tawa ce. Ni na zuba sandar nan da take ɗagawa.

Kun sha tare ni a hanyar Islamiyya kuna cewa, "Yaya Saude, ai narkar da abu ne kawai a zuba, ko?" In na buɗe baki zan ba ku amsa sai ku tsaya kallon tabon wuyana maimakon ku saurara. Shi ya sa na ga gara in rubuta, kowacce ta karanta a ɗakinsu.

Ku fara sanin wannan. Ayyukan rumfar zubi suna da yawa, kuma yawancinsu kowa ma zai iya: juya fanka, fasa gawayi, tankaɗe ƙasa, share wuri. Amma awartaki mutum ɗaya ke riƙe shi. Shi zai sunkuya kan ramin wuta, ya ciro tukunyar narki ta yi jawur, ya taka da ita zuwa wurin zubi, ya karkata ta. Duk wanda ke rumfar, har mai rumfar, shi yake jira. Wannan wurin shi ne nawa. Ban da shi ba ni da abin da zan nuna a garin nan in ce ga abin da na zama bayan sakandare.

Aikina na farko magagari ne. Sakamakon jarrabawarmu ya fito, Turanci ya kayar da ni, na sake zama ya sake kayar da ni. Sai Inna ta ce maimakon in zauna ina kallon bango, in riƙa kai wa ƙaninta abinci a maƙera. Ƙanin nata shi ne Kawu Iro, mai zuba tukwanen dalma da ludaya a bayan kasuwa. Ina kai abinci ina ɗan zama, har ranar da ya miƙo mani magagari da wata tukunya da ta fito da kaifi a baki, ya ce in goge. Na duƙufa ina gogewa har na cinye bakin ta gefe ɗaya. Ya juya ta a hannu ya ce, "Wagga tukunya da gefen baki take dariya, wa za ya saye ta?" Ya jefa ta cikin tarkacen da za a sake narkewa, ya miƙo mani wata.

Daga nan sai zaɓen tarkace. Masu jari-bola suna kawo buhu cike da fistin babur, gwangwanayen lemo, tsofaffin tukwane, guntun tagogi. Za ki zauna da maganaɗisun tsohuwar sifika kina bi ɗaya-ɗaya, duk abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, ki ware shi. Duk abin da yake da rufaffen ciki kuma sai kin fasa shi da guduma, don ruwan sama yakan ɓuya a ciki. Kawu ba ya faɗa a kan komai kamar ruwa. Ɗigo guda in ya shiga ƙarƙashin narkakkar dalma, nan take yake zama tururi, ya ɗaga duk abin da ke kansa. Buta ba ta shiga rumfarsa. Alwala ma can gindin bishiyar bedi ake yi, kuma sai hannu ya bushe kafin a dawo.

'Ya'yan Kawu maza sun fi son babur da zama bakin wuta, shi kuma bayansa ya fara ciwo. Da ya ga dai ni ce nake nan, sai ya cika tukunyar narki da yashi mai sanyi, ya ba ni awartaki, ya ce in ɗauka in taka in zuba. Haka na yi ta yi, yau da gobe, har yashin ya riƙa sauka siriri ba ya yankewa. Masu wucewa suna tsayawa kallon mace a maƙera. Wani mahauci ya ce, "Iro, ka rasa maza ne?" Kawu ya ce, "Na rasa. In kana so ka taho ka ɗauka." Bai zo ba. Kuma tun nan ku sani, hijabin nan naku mai santsi ba ya zuwa kusa da wuta, narkewa yake ya manne da fata. Ɗankwalin auduga za ki ɗaura tamau, da rigar kaki mai dogon hannu, ko da ana zafin bazara.

Ina cikin wannan aikin Murja ta zo. Bencinmu ɗaya da ita a sakandare, littafin kimiyya ɗaya muke leƙawa. Ita ta wuce jami'a ta karanta injiniya, ta gama, ta shiga digiri na biyu a fannin ƙarafa. Ranar ina durƙushe ina fasa gawayi sai na ga takalmi mai tsabta a gabana.

"Saude! Ke ce? Wayyo ƙawata!"

Ta rungume ni, gawayin jikina ya ɓata mata mayafi, ta yi ta dariya tana kaɗewa. Na ce mata sannu da zuwa, Injiniya. Ta ce in bar wannan, ita Murja ce. Ban bari ba.

Tanderun jami'arsu ya lalace, ana ta jiran gyara, lokacinta kuma yana tafiya. Shi ne aka kwatanta mata rumfar Kawu. Abin da take bincike a kai shi ne a ƙona ƙaiƙayin gero, a zuba tokarsa a cikin narkakkar dalma, wadda ita take kira alminiyom, a ga ko za ta ƙara tauri ta daina saurin cinyewa. In abin ya yi, za a iya ƙera wasu kayan injin niƙa da na famfon ban-ruwa da ita a nan gida. Kawu ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce, "To, ɗiyata. Mu nan datti muke kwashewa daga dalma. Ke kuma kin yi karatu mai zurhi har kin gano a zuba mata."

Ba zan rage mata komai ba, ta san abinta. A ranar ta ɗauki wata tukunyarmu da ta tsage a gindin mariƙi, ta gaya wa Kawu cewa wurin ya fi sauran kauri, shi yake sandarewa a ƙarshe, shi ya sa yake ja ya tsage. Ya gyara zubin yadda ta ce, tsagewar ta daina. Na daɗe ina goge irin wannan tsaga da magagari, ban taɓa tunanin tambayar dalilinta ba. Ita kallo ɗaya ta yi.

Ƙaiƙayin daga Dudunni muke ɗebo shi, a masussukar kakarta, Iya Dije. Gidan malamai ne, ana karatu a zaure ana noma a bayan gida. Tsohuwar ba ta gane abin da jikarta take yi ba, amma ta gane cewa geronta ne ya shiga jami'a, kuma duk wanda ya zo gaishe ta sai ya ji labari. Mu ƙona ƙaiƙayin a durom, mu kwashe baƙar tokar mu sake gasa ta a tukunyar ƙasa har ta koma fari-fari. Sannan tankaɗe. Murja ta kawo wasu rariyoyi na tagulla masu hawa-hawa, ta ƙarshen ko iska da ƙyar take wucewa. Za ki wuni kina girgizawa ki samu abin da bai cika gwangwanin madara ba, hancinki da girarki duk sun yi furfura. Ita tana zaune da sikelinta ƙarami tana aunawa tana rubutawa.

Ga yadda zubin yake. In dalma ta narke, a kwashe dattin da ya taso sama. A saka mata wata 'yar muciya ta ƙarfe da aka ɗaura a bakin injin huda, a tayar da janareta, ya juya ta har tsakiyarta ta yi rami kamar ana dama kunu. Toka ba ta da nauyi, in aka barbaɗa ta sai ta tsaya a sama, don haka ƙunshe ta ake yi a takardar alminiyom irin wadda masu gashin kifi suke naɗe kifi, a danna ƙunshin can ƙasa da sandar ƙarfe. Sannan a ciro tukunya a zuba a bututun ƙarfe da aka tsaga biyu aka ɗaure, in ya huce a kwance, sanda ta fito. Sandunan take kaiwa jami'a, wani inji ya ja su har su tsinke, wani ya danna su, a rubuta ƙarfin kowacce. Murja tana da abin auna zafi mai kamar bindiga, ta haska ɗigon jan haske a kan dalma ta karanta lamba. Daga nesa yake aiki. Nawa kayan aikin sai na kai fuskata inda gashin ido yake ƙauri.

Daminar farko ta ba mu kashi. Sandunan suna fitowa sumul a waje, amma in an yanka cikinsu duk ƙananan ramuka kamar cikin waina. Farfesanta ya mayar da su kaf, aikin wata da watanni. Ta zauna a kan buhun gawayi ta yi kuka, Kawu ya fita ya ba ta wuri. Daga baya ita ce ta gano toka tana shan raɓar iska ko ba a taɓa ta da ruwa ba. Daga nan muka kafa doka: ranar zubi sai an sake gasa toka, an gasa bututu, an gasa muciya da sandar dannawa, komai ya shiga dalma da ɗuminsa. Da kaka ta yi muka fara daga farko.

Da labari ya kai jami'a sai abokan karatunta suka fara zuwa. Wani da tokar ɓawon gyaɗa, wani da ƙashin saniya da ya daka, wata da ɓawon ƙwai cike da leda, har Kawu ya ce saura mai kawo tokar murhun gidansu. Kowa sauri yake, kowa farfesansa yana jira. Akwai wanda ya ƙi yarda in zuba mashi, ya ce shi dattijon yake so. Kawu ya ce bayansa ba ya ɗauka, in bai yarda da hannuna ba ga awartaki nan. Ɗalibin ya dubi wutar, ya dubi farin yadinsa, ya ce to yarinyar ta gwada. Dukansu sun gama, sun sa hula mai tuntu, an yi masu walima. Murja ta ce za ta sa sunana a shafin godiya na littafinta. Na tambaye ta a ina. Ta ce bayan Farfesa da iyaye da malaman sashe. Na ce Allah ya saka da alheri.

To, ranar da abin ya faru zubin ƙarshe ne, wanda ya fi kowanne yawan toka, da shi za ta rufe aikin. Mun gasa komai da safe, na juye tokar a tasa na rufe da murfi na ajiye a kan benci. Dalma ta fara narkewa ke nan janareta ya yi tari ya mutu. Kawu da Murja suka tafi neman bakanike. Ni na rage wuta, na shiga gidan Kawu in yi azahar. Rumfa ta zama ba kowa na ɗan lokaci.

Da muka dawo muka tarar da Iya Dije zaune a gindin bedi da ƙwaryar fura. Ta shigo Kankia barkar haihuwa, ta ce bari ta biyo ta ga inda ake dafa geronta. Muka gaishe ta a tsaitsaye, don janareta ya tashi, gawayi kuma yana cinyewa. Tasa tana nan a rufe yadda na bar ta, gefenta da sauran ɗumi. Na sa safar hannu, na ɗebi toka da cokali na ƙunshe. Toka ce kamar kullum. Na sauke gilashin rufe fuska, Kawu ya riƙe injin juyawa, Murja ta ja baya da bindigarta ta ce zafi ya kai. Na ɗora ƙunshin, na danna shi ƙasa.

Ƙarar ba irin ta tayar mota ba ce, ta fi kama da a buga babban faranti a cikin kunnenki. Na ga dalma ta miƙe tsaye. Ta bugi kwanon rufi ta dawo kanmu kamar ruwan sama. Gilashin fuskata ya yi fari fat, ban ƙara ganin komai ba, sai ƙauri, sai wani abu da ya sauka a wuyana ya gangara cikin riga, wani kuma tsakanin safa da hannun riga. Na ji Kawu yana cewa, "Baya! Baya! Kar wanda ya kawo ruwa!" Zanan gefen rumfa ya kama, maƙwabta suka kashe shi da ƙasa. An ce ni da kaina na fito har gindin bedi, sandar dannawa tana hannuna, sai da aka ɓamɓare yatsuna. Ban tuna wannan ba.

A asibiti ana wanke mani wuya, Murja tana gefe an sa mata magani a bayan hannu inda ɗigo ɗaya ya taɓa ta, sai ga Iya Dije ta shigo tana salati, ta dafa kaina ta dafa na jikarta.

"Allah ya tsare, 'yan nan. Allah ya so na taho da ruwan tohin Malam. Da ban yayyaha ma tokar ga ba, da abin ya hi haka."

Murja ta ce, "Iya, kin yi me?"

"Na yayyaha mata mana. Mu ko iri za mu kai gona sai Malam ya yi tohi an yayyaha. Balle wagga da kika ce ita ce ta ƙarshe? Na iske ba kowa, na buɗe na sa mata albarka na ruhe."

Kawu ya dubi Murja, Murja ta dubi ƙasa. Ma'aikaciyar da ke wanke mani ciwo ta ce in daina motsi. Har yau ba wanda ya gaya wa tsohuwar. Tana can Dudunni tana ba da labarin yadda ta ceci mutum uku.

'Yan dubiya gidan su Murja suka fi zuwa. Har mota ta zo daga jami'a. Farfesa ya kira ta a waya ya daɗe yana jajantawa, ya ce a gaishe da yarinyar da ke taimaka mata. Ta zo ta isar da gaisuwar, da lemo da madara, ta zauna bakin katifata ta yi ta ba ni haƙuri. Ciwon ya warke ya bar abin da kuke kallo. Abin da bai warke ba shi ne, in Inna tana suyar ƙosai mai ya yi tartsatsi, sai in tsinci kaina a tsakar gida ban san lokacin da na fito ba.

Kafin in koma rumfa ɗaya daga cikinku ta riga ta shiga. Fiddausi, ɗiyar mai shagon da ke kallon maƙera. Bana ta gama sakandare, ta ci duk takardunta har da Turancin, tana jiran jami'a ta kira. Ta zo juya fanka, Kawu ya ga tsayuwarta, ya cika mata tukunya da yashi. Na tarar da ita tana zubawa tana waƙa. Abin da na daɗe ina koyo, ita kamar da shi aka haife ta. Ta ce, "Yaya Saude, sannu da jiki. Ashe abin ba wuya." Murja kuma tana yi mata bayanin abin da ke faruwa a cikin dalma da Turanci, ita tana amsawa da Turanci.

Ni sai aka ba ni aikin guga, wato goge guntun sanda don a duba cikinta, wai kafin hannuna ya dawo. Da can a jami'a Murja take yi, yanzu ta kawo kayan ta koya mani a zauren Kawu, nesa da wuta. Za ki yanko guntun sanda da zarto, kamar faɗin kwabo. Ki shimfiɗa samfefa a kan gilashi, ki zuba ruwa, ki goga fuskar guntun ta hanya ɗaya har layukan zarto su ɓace. Ki canja samfefa mai laushi, ki juya guntun a gicciye, ki goga har layukan farko su ɓace. Haka za ki yi ta sauka har wadda in kin shafa kamar takarda. In ƙwayar yashi ɗaya ta faɗo ta ja layi, kin koma baya. Ƙarshe ƙyalle da wani farin magani, sai fuskar ta yi sheƙi. Sannan a duba da gilashin ƙara girma. In mai zubi ya yi gaggawa, ko hannunsa ya yi rawa zubin ya yanke, iska takan shiga, za a ga baƙaƙen ramuka. Ba ya ɓuya. Aiki ne mai kyau, a inuwa, a zaune. Ba wanda yake tsayawa kallon mai yin sa.

Lokacin Murja ya ƙure, dole a maimaita zubin ƙarshe. Aka sake ɗebo ƙaiƙayi, aka sake ƙonawa da tankaɗewa. Ranar zubi Kawu ya sa kwaɗo a akwatin da tokar take, ya sa makullin a aljihu. Da dalma ta narke, aka danna toka lafiya, shi da kansa ya danna. Sannan ya ɗauko awartaki ya miƙo mani, a gaban kowa.

Na karɓa. Na taka har bakin ramin. Zafin ya bugi wuyana daidai wurin, sai na ji hannuwana ba nawa ba ne. Bakin awartakin yana ta ƙwanƙwasa gefen tukunya, kowa yana ji. Na ce a raina bari in ja numfashi. Na ja. Bai daina ba.

Murja ta ce a hankali, "Zafi yana sauka."

Kawu ya ce, "Saude, dalma ba ta jira. Ko ki ɗauka, ko ki ba da."

Na ba da. Fiddausi ta karɓa, ta yi bisimilla, ta ciro, ta taka, ta zuba. Ni ina waje gindin bedi, ta tsakanin zana nake hange.

Da sandunan suka huce, Kawu ya kira mu ya yanke magana, don ya ce ba ya son ƙunƙuni a rumfarsa. In zubin yarinyar ya fito da rami, to ba ta isa ba tukuna, za a jira ni ko zuwa yaushe ne, Murja ta nemi ƙarin lokaci. In ya fito lafiya, awartaki ya zama nata har ta tafi makaranta, ni in riƙe guga. Ya ce, "Ke ce mai dubawa. Abin da kika gani shi za ki hwaɗi."

Washegari da hantsi na zauna a zaure da sandunan. Na yanko guntu daga tsakiyar ta farko, na bi samfefa ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko guda ba. Na sa gilashi. Tokar ta bazu ko'ina daidai, ɗigo-ɗigo, ba ta taru wuri ɗaya ba. Na ce tsakiya ai kullum tana kyau, sama ne iska take taruwa. Na yanko daga sama. Na goge. Na yanko daga gindi. Na ɗauko sanda ta biyu. A wani guntu na ga baƙin ɗigo, na matsa bakin ƙofa inda haske ya fi. Na sa ƙyalle na shafa sau ɗaya, ya tafi. Ƙurar samfefa ce.

Ban san Murja ta shigo ba sai da inuwarta ta rufe mani gilashi. Ta dubi guntayen da na jera a kan tabarma, ta dubi abin da ya rage na sandar farko, wanda bai kai tsawon yatsa ba.

"Saude, guda ɗaya na ce ki yanka. Wannan ai ta gwajin ja ce, kin cinye ta. Me kike nema?"

Na ce tabbatarwa nake.

"To, kin tabbatar?"

Yatsuna sun yi fari sun yamutse saboda ruwa, gefen babban ya fara jini. Na ajiye gilashin a kan tabarma.

"Babu rami," na ce. "Ko ɗaya."

Ta yi guɗa, ita da ko a biki ba ta guɗa. Ta sunkuya ta sumbaci goshina, ta kwashi sauran sandunan ta fita da gudu ba takalmi, tana kiran Fiddausi tun daga zaure. Na ji rumfa ta ɗauki hayaniya, na ji dariyar Kawu. Ruwan gugan da ke cikin roba ya yi toka-toka, ga shi an hana zubar da ruwa kusa da rumfa. Na ɗauka na zagaya ta bayan gida, inda ba sai na wuce ta gabansu ba.